Gwano da warin jikinsa: magana a kan munafunci

Akwai wata majalisa da nake zama a Jekadafari, cikin garin Gombe, a ƙofar shagon wani tela, daga bayan sallar isha'i har lokacin da mai shayi zai fara kife kofuna. Wani dare cikin damina wani dattijo ya biyo ta wajenmu. Muka tashi muka ba shi benci, aka haɗa masa shayi mai kauri, aka yi ta "Alhaji ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa." Ya ɗan taɓa hira ya miƙe, muka raka shi da "a gaida gida, Allah ya ba mu alheri." Ƙarar mashin ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba wani daga cikinmu ya ce, "Wallahi babu munafuki irin mutumin nan. Kullum yana sahun gaba, amma buhu biyu na masara da ya karɓa wajen ƙanena tun kakar bara, har yau ko sisi." Nan take aka ɗauka. Wannan ya kawo tasa, wancan ya ƙara gishiri, ni ma na jefa tawa. Sai da na kama hanyar gida na lissafa: mu bakwai ne a wurin, kuma lokacin da yake zaune a kan bencin babu ɗayanmu da ya iya cewa, "Alhaji, ina maganar kuɗin masara?" Mun nuna masa fuska ɗaya yana nan, mun fito da wata bayan ya ba da baya, sannan shi muka kira munafuki.

Kalmar nan tana da sauƙin fita a bakin Bahaushe, kuma mun ɗora mata kayan da ba ta zo da su ba. Yaro ya gaya wa malami wanda ya fasa tagar aji, 'yan ajin su sa masa munafuki, alhali gaskiya ya faɗa. Matar da ke kwasar zancen wannan ɗaki ta kai wancan, munafuka ce. Wanda ya yi maka murmushi bai gaya maka abin da ke ransa ba, shi ma haka. Mai wa'azin da aka kama da laifi, haka. Annamimanci da kara da raunin ɗan Adam da riya da ainihin nifaƙi, duk mun zuba su a ƙwarya ɗaya mun dama. Muddin ba a rarrabe su ba, za mu ci gaba da zaluntar mai rauni, ainihin mai cutar kuma yana yawo da rawaninsa muna durƙusa masa.

Daga Larabci muka aro kalmar. Malaman lugga suna danganta ta da ramin wani ɗan ɓeran sahara da Larabawa ke kira yarbu'u. Yakan yi wa raminsa ƙofar da kowa ke gani, sannan ya haƙa wata ta ɓoye ya bar mata ƙasa 'yar siririya a sama, in an taso masa ta waccan sai ya fasa wannan ya fice. Munafuki ke nan: ya shiga ta ƙofar da jama'a ke kallo, amma ya ajiye wa kansa mafita. A farkon Suratul Baƙara ayoyi 4 ne suka siffanta muminai, 2 suka siffanta kafirai, sai aka ɗauki ayoyi 13 ana bayanin munafukai, domin abin da ke ɓoye ya fi buƙatar bayani. A Madina an ga abin da ido: a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, mutum kusan 1,000 suka fito, Abdullahi ɗan Ubayyu ya juya da kimanin 300 daga hanya. Malamai sun raba nifaƙi biyu. Akwai na aƙida, wato bayyana imani da ɓoye kafirci, kuma wannan sanin sa na Allah ne. Akwai kuma na aiki, wanda Musulmi mai salla da azumi kan iya faɗawa ciki, shi ne wanda hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa alamominsa: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. A wata ruwaya an ƙara ta huɗu, in rigima ta haɗa shi da wani ya wuce iyaka. A lura, babu tsawon gemu ko gajartar wando ko yawan nafila a cikin lissafin. Duka alamomin a mu'amala suke, tsakaninka da wanda ya ba ka bashi, da wanda ya amince maka, da wanda kuka saɓa.

Abin da ya fi girgiza ni a tarihin sahabbai shi ne inda suka juya wannan ma'auni. Manzon Allah (SAW) ya sanar da Huzaifa ɗan Yamani sunayen wasu munafukai, kuma Huzaifa ya riƙe sirrin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, mutumin da aka yi wa bushara da aljanna, ya je wajen Huzaifa yana haɗa shi da Allah ya gaya masa ko sunansa na ciki. Bai je neman jin sunayen wasu ba, kansa ya je tambaya. Ibnu Abi Mulaika ya ce ya riski sahabbai 30, kowannensu yana jin tsoron munafunci a kan kansa. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wanda ya furta kalmar shahada a fagen fama, ya kafa hujja da cewa tsoron takobi ne ya sa shi faɗa, tambayar da Manzon Allah ya yi masa ita ce ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Su suna binciken zukatansu, suna barin na mutane ga Allah. Mu kuwa mun juya abin: zuciyar maƙwabci muke karantawa tamkar allo, tamu kuma mun ba ta takardar shaida tun tuni.

Sai dai kada a ɗauka duk tazarar da ke tsakanin abin da mutum ke faɗa da abin da yake yi munafunci ce. Muslim ya ruwaito labarin Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah, wanda ya fito yana cewa Hanzala ya yi munafunci. Dalilinsa shi ne, in yana majalisar Annabi ana ambaton wuta da aljanna sai ya ji kamar yana ganinsu, in ya koma cikin mata da 'ya'ya da gona sai ya manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, aka gaya musu cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a majalisa, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan hanya da kan shimfiɗunsu, amma lokaci da lokaci ne. Hausawa sun ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Mai shan taba da ke hana ɗansa sha, yana kuma ƙin abin har cikin ransa, rauni ne ya kayar da shi. Matar da ta tashi daga tafsirin azumi da niyyar daina gulma, ta kwana uku ta koma, ita ma haka. Wannan tazara tana jikin kowa, kuma wanda ya ce ba shi da ita, to ita ce ƙaryarsa ta farko.

To daga ina munafunci ke farawa? A ganina yana farawa ne ranar da mutum ya daina jin zafin tazarar, ya koma neman yadda zai ci ribar suna mai kyau ba tare da ya biya kuɗinsa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kansas ta Amurka, Daniel Batson, ya gwada wannan shi da abokan aikinsa a 1997. Akan kawo mutum a ce masa ga aiki biyu, ɗaya akwai damar samun kyauta a cikinsa, ɗaya kuma babu komai sai gundura. Shi zai raba tsakaninsa da wani da ba zai gani ba, kuma wancan ba zai san wanda ya yi rabon ba. Aka ajiye masa kwandala, aka ce in yana so ya cilla ta a matsayin ƙuri'a, aka bar shi shi kaɗai a ɗaki. Kimanin rabi suka cilla. Lissafi ya nuna ya kamata rabin waɗanda suka cilla su faɗa a aiki marar daɗi, amma kusan 9 cikin 10 sai ga shi aikin mai kyauta ne ya zo musu. Kwandala ba ta san kowa ba. Abin da ya faru shi ne, in ta faɗi yadda ba a so, sai a sake cillawa, ko a ce ai dama wannan fuskar nake nufi. Kuma da aka tambaye su, waɗanda suka cilla ɗin sun ɗauki kansu masu adalci. A 1999 aka maimaita gwajin da madubi a gaban mutum yana kallon fuskarsa, sai sakamakon ƙuri'ar ya dawo rabi da rabi.

Abin lura a nan, babu mai kallon mutanen nan. Ba wani suke yaudara ba face kansu. Suna son ribar, suna kuma son su tashi daga ɗakin suna jin su mutanen kirki ne, sai kwandalar ta zame musu shaidar zur. Shi ya sa nake ganin hoton munafuki da muke riƙe da shi, na wani makiri da ke zama da dare yana ƙulla yadda zai yaudari jama'a da safe, bai kama yawancinmu ba. Irin wancan akwai shi, amma kaɗan ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda ya fara sayar wa kansa da ƙaryar, ya gamsu, sannan ya fito da ita kasuwa da zuciya ɗaya. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma ba da gangan yake ƙin ji ba.

Babban makamin wannan yaudarar kai shi ne suna. Abu ɗaya ne, amma sunansa ya danganta da hannun da ya aikata. In wani ya bayar, cin hanci ne. In ni na bayar, na goro ne, ko kuɗin mai, ko ihsani. In wani ya ɗauki ɗan'uwansa aiki, son kai ne da ɓangaranci. In an ɗauki nawa, alfarma ce da zumunci. Mai awon da ya buga gindin mudunsa ya lotsa ciki zai ce maka haka kasuwa take, kowa ma haka yake yi, sannan in ya je sayen taki aka rage masa buhu ya karanto wa mai shagon farkon Suratul Muɗaffifina.

Ni malamin makaranta ne, kuma shekaru da yawa ina tsayawa gaban ɗalibai ina la'antar bin hanya wajen samun gurbin karatu. Na sha faɗa musu cewa duk wanda aka cusa sunansa, an cire na wani ne. Wata shekara ɗan yayana bai samu gurbi ba a wata makaranta. Goggonmu ta kira ni ta ce, "Kai ne mai ilimi a gidan nan, kai ne ka san mutane. Maraya ne, ka dubi Allah." Na ɗauki waya na kira wani tsohon abokin karatuna da ke aiki a can. Cikin mako biyu sunan yaron ya fito. Abin da nake so mai karatu ya gane shi ne halin da zuciyata ke ciki a lokacin: ko kaɗan ban ji ina aikata abin da nake hanawa ba. Taimakon maraya na ji ina yi, har ina sa ran lada. Duk hujjojin sun zo mini a shirye, ban wahala wajen nemansu ba: yaron yana da ƙoƙari, maki kaɗan ya rasa, in ban yi ba ɗan wani mai kuɗi ne zai samu. Na fi shekara ban haɗa wannan waya da darasin da nake koyarwa ba, alhali a makon da na buga ta ma na shiga aji na yi magana a kan amana. Guraben ƙidayayyu ne. Sunan wani yaro aka cire, wanda ba shi da baffa mai lambar waya.

Wannan makanta ba ta san addini ko ƙabila ba. Maƙwabtanmu Kirista na Billiri da Kaltungo suna karanta wa a Linjilar Matta, sura ta 7, tambayar da ke cewa don me kake ganin ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka, ba ka lura da gungumen da ke naka idon ba. Kakanninmu kuma suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma inda ake zaluntar al'adarmu da wannan kalma. Wasu matasa, musamman waɗanda suka ɗan zaga, sukan ce Bahaushe munafuki ne saboda ba ya faɗin abin da ke ransa. Ban yarda ba. Kara da kawaici da kunya, da abin da 'yan'uwanmu Fulani ke kira pulaku, su ne suka riƙe gidajen da mutum 30 ke cin tuwo daga tukunya ɗaya. Surukar da ta ci miyar amarya ba gishiri ta ce "Allah ya yi albarka" ba ta yaudari kowa ba, ta sayi zaman lafiya ne da ɗan haƙurinta. Malamai suna da kalmomi biyu a nan, mudara da mudahana. Mudara ita ce ka sassauta wa mutum a abin duniya don a zauna lafiya ko don ka jawo shi ga gaskiya. Mudahana kuwa ita ce ka sayar da gaskiyar kanta don abin duniya. Nana A'isha ta ba da labarin wani da ya nemi izinin shiga wajen Manzon Allah, Annabi ya ambaci munin halinsa kafin ya shigo, da ya shigo kuma ya tausasa masa magana. Malamai suka ce ambaton gargaɗi ne ga waɗanda sharrin mutumin zai iya shafa, tausasawar kuma mudara ce.

Na auna abin da muka yi wa Alhaji a wannan ma'auni, bai hau ba. Da kara ce ta hana mu magana a gabansa, da ta hana mu a bayansa. Da gargaɗi muke nufi, da wanda zai ba shi bashi gobe muka nema muka faɗa wa. Da haƙƙin mai masara ya dame mu, da mun tashi mutum biyu mun same shi a gida. Babu ɗaya da muka yi. Mun ji daɗin hirar ne kawai, kowa ya tafi gida yana jin ya fi Alhaji tsarki, mai masara kuma bai samu ko tiya ɗaya ba.

Daga wancan gefen kuma wata fitina ta taso, kuma ita ta fi tayar mini da hankali domin a bakin yara nake jin ta. Yaro zai fito a TikTok ko Facebook yana aikata abin kunya, in an yi magana ya ce, "Ni ba munafuki ba ne, abin da kuke yi a ɓoye shi nake yi a fili." Kamar dai bayyana laifi ya zama wani nau'in gaskiya. Wanda ya yi saɓo ya ɓoye saboda kunyar Allah da kunyar mutane, yana fatan ya daina, sutura ya nema, kuma addini ya umarce shi da haka. Hadisi ya zo cewa dukkan al'umma ana yi mata afuwa ban da masu bayyanawa, irin wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Haka nan masu cewa kada wanda yake da laifi ya yi wa kowa faɗa. An ruwaito daga Sa'idu ɗan Jubairu cewa da mutum ba zai yi umarni da kyakkyawa ba sai ya zama ba shi da aibi, da babu wanda zai yi. Uban da ya taɓa ɓata ƙuruciyarsa yana da haƙƙin hana ɗansa, har ma ya fi kowa sanin dalili.

Amma yaran nan ba daga sama suka samo maganar ba, kuma akwai abin da suke gani daidai. Wasu masu bincike a Jami'ar Yale, Jillian Jordan da abokan aikinta, sun nuna a 2017 cewa abin da ke ƙona wa mutane rai game da munafuki shi ne saƙon ƙarya da tsawatarwarsa ke ɗauke da shi. Wanda ya tashi yana la'antar wani laifi, mai sauraro yakan fahimci cewa shi ba ya yi, kuma hakan ya fi shiga zuciya fiye da a ce ya fito ƙarara ya ce "ni ba na yi." Da aka gwada da mai tsawatarwar da ya amsa cewa shi ma yakan faɗa cikin laifin, sai mutane suka daina yi masa wancan kallon. Abin da yaranmu ke ƙi ke nan. Sun yarda a yi musu faɗa. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne faɗan wanda ke magana daga kan tudu kamar bai taɓa taka ƙasa ba, alhali sun san inda yake kwana.

Kuma mu ne muke noma irin waɗannan mutane, domin mun sa wa siffa farashi mai tsada, mun kuma sa wa amsa laifi hukunci mai tsanani. Wanda ya ce "na yi kuskure" a cikinmu ya gama yawo, za a riƙa tuna masa har jikokinsa. Wanda ya dage ya rantse ya murje ido, bayan wata biyu an manta. A irin wannan kasuwa, kowane mai hankali zai koyi ɓoyewa. Dubi yadda muke yi in yarinya ta yi cikin shege. A cire ta daga makaranta, a hana ta fita, ƙannenta su rasa manema, uwarta ta daina zuwa biki. Namijin da ya yi mata kuwa yana nan, sau da yawa an san shi, kuma ranar da zai ƙara aure unguwa za ta cika da masu "Allah ya sanya alheri." Laifin ɗaya ne a littafin da muke cewa muna bi. Abin da ya bambanta su shi ne nata ya fito a jiki, nasa bai fito ba. Ashe tonuwar muke hukuntawa. Haka almajirin da muke cewa yana ɗauke da Alƙur'ani a ƙirjinsa, mu kira shi ya wanke mana bayan gida, mu sallame shi da ɗumamen da ya fara tsami.

In wannan hali ya haɗu da mulki, a nan ne yake zubar da jini. Duk ɗan Gombe ya san 'yan Kalare, kamar yadda ɗan Bauchi ya san 'yan Sara-suka. Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar a 2007 kan tashin hankalin siyasa a Nijeriya, ta ware wa Gombe sashe guda saboda su. Yaran nan ba su sayi adduna da ƙwayoyi da kuɗin aljihunsu ba, an ɗauke su aiki ne lokacin neman ƙuri'a. Bayan zaɓe sai ka ji manya a rediyo suna kukan lalacewar tarbiyya, suna kira ga iyaye su ja kunnen 'ya'yansu, nasu 'ya'yan kuwa suna makarantu masu katanga. Mu talakawa ma ba mu fita ba: mu karɓi taliya da atamfa da 'yan dubbai ranar zaɓe, mu shekara huɗu muna tsine wa ɓarayin gwamnati.

Na tuna ɗokin da aka yi lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi suka bi sahu har suka kai 12, Bauchi ta shiga a 2001. Abin da ya fito da talaka titi yana kabbara shi ne fatan ranar da babba da ƙarami za su tsaya a gaban alƙali ɗaya. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum a Zamfara saboda satar saniya. Shekaru sama da 20 ke nan, kuma har yau ban ji an taɓa yatsar wanda ya kwashe kuɗin asibiti ko na fanshon tsofaffi ba. Shari'a ba ta da laifi a nan, ita ce ma ta riga kowa yin gargaɗi. Lokacin da wata mata daga gidan Banu Makhzum, manyan Ƙuraishawa, ta yi sata aka turo Usama ya nema mata alfarma, Manzon Allah ya tashi ya yi huɗuba ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne in mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi.

Kuma kada mu ɗauka zamaninmu ne ya fara. Masarautun Gombe da Bauchi daga tutar Shehu Usmanu suka fito, ta hannun Bubayero da Yakubu, kuma jihadin da aka fara a 1804 an yi shi ne kan zaluncin sarakuna da malaman fada masu halasta musu. Shekaru kaɗan da fara samun nasara, Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙin, ya ga yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga mulki da dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai, abubuwan da aka fito yaƙa. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya koma. Mutanen da ya yi kuka da su ba baƙi ba ne. Da yawansu sun sha yunwa da gudun hijira don abin da suka yi imani da shi, kuma ban ɗauka ƙarya suke yi a lokacin ba. Talauci ne ya rufe musu wata ƙofa a zuciya, da nasara ta zo sai ta buɗe. Wanda ke zagin ɓarawon gwamnati a majalisar mai shayi da gaske yake, amma ba a taɓa ajiye shi a ɗaki shi kaɗai da kwandala ba.

Alhaji ya biya kuɗin masara daga baya. Mai shagon ɗinkin ne, wanda ya fi mu shekaru, ya same shi a gida bayan sallar asuba ya yi masa magana. Ashe wake ya saya ya ajiye, ƙwari suka cinye, kunya ta hana shi fuskantar mai bashin. Bai kyauta ba da ya yi shiru shekara guda, amma abin da muka zana masa a majalisa ba shi ne ba. Ya sayar da tumaki biyu ya kai kuɗin.

Ni kuma zangon karatun da ya wuce darasin amana ya sake zagayowa. Na tsaya gaban aji na faɗi abin da na saba faɗa, sannan na ba su labarin wayar da na buga, ban ambaci makarantar ko abokin nawa ba. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi wancan yaron da aka cire, an mayar masa da gurbinsa?" Na ce mata a'a, ba a mayar masa ba.